Mutumin da Na Mayar Ƙetaren Rafi

Abu guda nake so a ce ban yi ba. Na ɗauki mutum a bayan kekena na mayar da shi inda ya gudo, alhali na ga sawun igiya a hannunsa.

A shekarun da auduga ke da daraja ina noma a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Da kaka 'yan ci-rani kan sauko daga arewa su yi mana tsinkar auduga. Damuwarmu ita ce mutum ya fara aiki a gonarka, ya ji an ce tuwon maƙwabta ya fi yawa, ya tsallaka can ya bar maka auduga tana zuba ƙasa. Sai manoman ƙauyenmu da na ƙetaren rafi suka zauna suka ƙulla magana: duk ɗan aikin da ya bar gona kafin a gama, inda ya faɗa a mayar da shi, kuma abin da maigidansa ya yi masa ba ruwan kowa. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Ina cikin waɗanda suka ci goron.

Wata rana da hantsi na tarar da wani magidanci a zaurena, dogo, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa kamar ba nasa ba. Ya ce daga gonar wani Alhaji na ƙetaren rafi yake. An rasa buhun auduga, aka ce shi ne. Aka ɗaure shi a turke da jiƙaƙƙiyar igiyar fata, wadda ke ƙara matsewa in rana ta busar da ita, wai sai ya amsa. Da ƙyar ya kuɓuce ya gudo.

Na kai shi wurin maƙwabcina mai shagon magani. Kirista ne, mishan ta koyar da shi, ya kuma yi aikin jinya a soja. Dakta muke ce masa. Yana wanke ciwon na gaya masa zan mayar da mutumin bayan azahar.

Ya ce, "Wato in ɗinke ka kai a farke. Tela ka ɗauke ni, Malam?"

Na ce, "Dakta, alkawari kaya ne. Na ci goro."

"Ina da maganin da zai fito maka da shi yanzu."

Ban yi dariya ba. Ya ci gaba da naɗa bandeji yana magana. Ya ce ƙasashe ma suna ƙulla yarjejeniya kamar yadda muka yi, kan iyaka ko ciniki, kuma dole a cika. Amma akwai 'yan dokoki da suka hau kan kowace yarjejeniya: hana bautar da mutum, hana azabtar da shi, hana shafe wata al'umma. In ƙasa biyu suka sa hannu za su yi ɗayan waɗannan, takardar banza ce tun ranar da aka rubuta ta. Ya ce ba kowane haƙƙin ɗan Adam ne ya kai wannan matsayi ba, akwai waɗanda masana ke jayayya a kansu, amma igiya ba ta cikin abin jayayya.

Na ce, "Mu ba ƙasa ba ne, ƙauye biyu ne."

Ya ce, "Abin da shugaban ƙasa bai isa ya sa wa hannu ba, kai da goronka ka isa?"

Na ce, "In kuma mutumin ne ya ɗauki buhun fa?"

"Ko shi ya ɗauka. Akwai alƙali a Malumfashi."

Na fahimci maganarsa sarai, ba zan fake da ƙarancin karatu ba. Amma audugata ta yi fari fat a gona, na san in na karya alkawari, ranar da nawa 'yan aikin suka tsallaka ba mai mayar mini da su.

Bayan azahar na goya mutumin a keke. Bai iya riƙe ni ba, sai ya jingina kafaɗa a bayana. Da muka iso mararraba, inda dama ke fita titin Funtuwa, hagu ke gangarawa rafi, ya ce, "Maigida, ko a bakin titi ka ajiye ni." Na bi hagu. Alhajin ya yi mini godiya, ya ce ni mutum ne mai cika magana.

Na tsinke audugata tas a shekarar. Dakta bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya daina tsokanata.

Bayan wasu shekaru na ga mutumin a tashar Funtuwa yana sayar da rake. Da hagu yake sara. Yatsun damansa sun lanƙwashe cikin tafi, da su yake danne karan. Shi ya fara gane ni.

Ya ce, "Maigida mai keke. Ina auduga?"

Na ce auduga ta faɗi, masara muke yi yanzu. Ya ce haka ya ji. Wani ya zo saye, ya juya wurinsa, ni kuma motata ta cika.

Har yau ban san ko shi ya ɗauki buhun ba, kuma na daina ganin sanin zai canja wani abu. Wanda ya karanta wannan, in aka miƙo masa goro a kan jikin wani, ina roƙonsa ya bar shi a faranti. In kuma ya riga ya ci, ya bi dama.