Motar Da Ba Ta Jiran Cika

Ɗan Azumi direba ne tun gemunsa bai fito ba. Cikin watan azumi aka haife shi a Madarunfa, bayan kasuwa, shi ya sa sunan yanka ya ɓace, wannan ya zauna. Ƙuruciyarsa duk a hanyar Maraɗi zuwa Agadas ta ƙare, yana jan manyan motoci, har bayansa ya ƙi. Likita ya ce ko ya bar doguwar hanya, ko ya koma tafiya da sanda. Sai ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohuwar ƙaramar bas Hiyas, ya shiga layin Madarunfa zuwa Maraɗi.

A tashar Madarunfa doka ɗaya ce, kuma babu inda aka rubuta ta: mota ba ta tashi sai ta cika. Wanda ke kan layi shi ke lodi, na bayansa su jira. Ba mugunta ba ce, da haka kowa ke samun na cefane. Mai tsaron wannan doka shi ne Tanko, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, wanda kowa ke kira Perzidan. Ɗan Azumi bai taɓa saɓa masa ba. Shi mutum ne mai ƙarancin magana. Ya yi lodi, ya tafi, ya dawo, ya wanke motarsa.

Ana nan sai wani kamfanin jirgin sama mai araha ya fara sauka Maraɗi. Daga Yamai yake tasowa, ya sauke ya ɗauka, ya wuce Agadas. Waɗanda suka shiga sun ce kujerun a matse suke, ko ruwa ba a ba mutum, amma kuɗin bai fi na babbar bas da yawa ba. Saboda tsuntsun da aka zana a wutsiyarsa, mutane suka sa masa suna Shamuwa. Ɗan Azumi ya ji labari, bai ga abin da ya shafe shi ba.

Ɗelu ce ta sa abin ya shafe shi. Ɗelu ƙanwar matarsa Binta ce, mijinta ya rasu, kuma da ƙyafe kifin tabki take riƙe da 'ya'yanta. Shekarun da ta yi a bakin murhu sun ci mata idanu, kullum suna ja suna ruwa. Wata Hajiya mai gidan abinci a Agadas ta aiko mata cewa in za ta iya sako ɗanyen kifi cikin ƙanƙara a jirgi, za ta riƙa saye duk ranar da jirgin ya zo. Ga Ɗelu wannan ba ciniki kawai ba ne, hanyar rabuwa da hayaƙi ce.

Ranar farko ta zo tasha da sassafe, da akwatin ƙanƙara cike da karfasa da tarwaɗa. Motar Ɗan Azumi ce kan layi, saura kujera biyu. Rana ta fara ɗagawa, kujerun na nan.

"Mijin yaya, tada motar ga," in ji Ɗelu. "Kihina na zuhwa."

"Saura mutum biyu. Ki kwantar da hankali, jirgin ma sai ya cika."

"Ka taɓa shiga ne?"

"Ban taɓa ba. Amma mai shi ɗan kasuwa ne, ba ya ƙona mai a banza ba."

"Allah shi sa. In kihin ga ya ruɓe, a gaban motarka zan juye shi, yaya ta zo ta kwashe ku kai da shi."

Fasinjoji suka yi dariya, shi ma ya murmusa. Sai da mutum biyun suka samu ya tashi. Suna shan kwanar filin jirgi, Shamuwa na ɗaga hanci sama.

Ɗan Azumi ya fito ya tsaya yana kallon jirgin har ya zama ɗigo. Ya juya wurin mai gadin ƙofa.

"Ɗana, har ya cika da wuri haka?"

"Wane cika, Baba? Ko rabi bai yi ba. Lokacinshi ne ya yi."

A duk shekarun da ya yi yana tuƙi, bai taɓa jin abin hawan da ke tashi da kujeru a sake ba. Ya maida Ɗelu gida. Ba ta juye masa kifin ba. Da la'asar ya bi ta ƙofar gidanta ya ganta durƙushe gaban murhu, tana ƙyafe kifin da ya kamata a ce yana Agadas, tana share ido da gefen zane. Hajiyar ta ce za ta ƙara gwada ta sau ɗaya, in kifin bai zo ba ta nemi wani.

Washegari ya sami Tanko a rumfar sandika.

"Perzidan, ina son ranar jirgi in riƙa tashi kan lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba."

"Kai kaɗai? In ka tashi da rabi, na bayanka ya ce shi ma ya tashi da rabi, mi ya rage na layi? Ɗan Azumi, tsuhwa ka fara ko?"

"Mai dai nawa ne zai ƙone."

"Layin kuma namu ne. In ka tashi ba ta cika ba, kada ka dawo tashar ga."

Tanko ba ƙarya ya faɗa ba, kuma Ɗan Azumi ya san haka. Ranar jirgi ta zagayo, ya ɗora akwatin Ɗelu, ya tada mota da mutum huɗu a ciki, direbobi na kallo. Kifin ya shiga jirgi. Shi kuma ya rasa tasha.

Ya koma gindin wata kuka kusa da tabki, inda masunta ke fitowa da kamu. Don kada a riƙa gardamar lokaci da shi, ya ce in aka buga ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, na shiga aji, motarsa ta tashi. Kowa a unguwar na jin ƙarfen nan, kuma ƙarfe ba ya jin roƙo.

Watannin da suka biyo sun yi wuya. Sau da yawa shi da Ɗelu da akwatinta kaɗai ke tafiya, kujerun baya na kaɗawa. Ranakun da babu jirgi sai ya ɗauko buhunan gero da wake daga Gabi ko Safo, aikin da bayansa ba ya so. Miyar gidansa ta tsinke. Binta ba ta yi ƙorafi ba, ta dai sayar da akuyarta ɗaya aka sayi taya. In ya wuce ta gaban tasha, direbobi su ɗaga murya: "Ga matuƙin jirgi nan! A gaida Yamai!" Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ɗelu ta so ta biya kujerun da ba kowa, ya ce kujerarta kawai ya sani.

Bayan damina wani kamfanin ya shigo, shi kuma farin tsuntsu ne a jikinsa, aka ce Balbela. Nan rigima ta tashi a sama. Balbela ta rage kuɗi, Shamuwa ta rage. Balbela ta fara ba fasinja ruwa da burodi, Shamuwa ta ƙara nauyin kayan da mutum zai shiga da shi. Ranakun jirgi suka ƙaru. Mutanen da ba su taɓa kawo jirgi a ransu ba suka fara yankar biye, wato tikiti: 'yan kasuwa, malaman lakwal, tsofaffi masu zuwa ganin likita a Yamai, mata masu zuwa suna Agadas. Duk wanda jirgi ya taɓa bari a ƙasa sau ɗaya, ba ya sake zama a motar da ke jiran cika. Tun daga garin Sarkin Yamma ake tambayar kukar Ɗan Azumi. Wasu matan ma suka bi sawun Ɗelu, wannan da kifi, waccan da zogale da ƙuli-ƙuli. Motar da ta daina jiran cika ta koma cika kafin ƙarfe.

Wata safiya sai ga Tanko gindin kukar, da babbar riga da jaka. 'Yarsa ta haihu a Yamai, surukinsa ya yankar masa biyen Balbela. Ya tsaya yana gyaran murya.

"Akwai wuri?"

"Akwai, Perzidan. Shiga gaba."

Ɗelu ta leƙo daga baya. "A'a, Perzidan! Motocin tasha sun ƙare ne?"

"Ke dai riƙe kihinki, Ɗelu, kada shi taɓa mini riga."

Ya zauna, sai ya tuna ya baro ƙullin kayan jariri a gida. Ya kira ɗansa Al'amin a waya ya kawo. Yana cikin magana ƙarfen lakwal ya buga. Ɗan Azumi ya murɗa makulli.

"Dakata mana, ga shi nan tahe!"

"An buga, Perzidan."

"Ni ne hwa!"

"Na gan ka. Jirgin ne bai san ka ba."

Mota ta hau kwalta. Tanko ya kumbura. Can a hanya Al'amin ya cim musu a kan babur, ya miƙa ƙullin ta taga mota na tafiya a hankali, fasinjoji na ta shewa. Suka isa fili ana kiran mutanen Yamai. Tanko ya sauka da sauri riƙe da riga, ko sallama bai yi ba.

Da ya dawo bai zo ya ba da haƙuri ba, Ɗan Azumi kuma bai jira hakan ba. Abin da aka gani shi ne an share wani wuri a bakin ƙofar tasha, an kafa rumfa, aka aiko a ce masa wurin motar jirgi ne, ba ta cikin layi, ta tashi lokacin da ta ga dama. Ya je ya ajiye motarsa a wurin. Ranakun da babu jirgi yana shiga layi kamar kowa, ya jira ta cika.

Har yau bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ya ce bayansa ba zai ɗauki matsattsiyar kujera ba. In aka tambaye shi wanne ya fi tsakanin Shamuwa da Balbela, sai ya ce Allah Ya bar su duka biyun, su yi ta faɗansu. Ana raɗe-raɗin ɗaya na iya gajiya, shi dai bai sani ba.

Ɗelu ta rushe murhunta ɗaya ta mai da wurin akurkin kaji. Idanunta sun daina ruwa. Ba ta taɓa ce masa ta gode ba, tsakaninsu sai tsiya. Amma duk ranar jirgi, in ya dawo ya zo wanke mota, yakan tarar da karfasa ɗaya babba a naɗe cikin ganye a ƙarƙashin kujerarsa. Ya ɗauka ya kai wa Binta.