Fuskar da Kawu Ya Ara

Kawuna mai zanen allunan shaguna ne, kuma bai iya zana fuska da ka ba, sai ya ga mutum a gabansa. Da makarantar unguwarmu ta ba shi aikin zana littafin tarihi mai hotuna, labarin jarumin da ya tsare ƙofar gari, sai ya leƙa ta taga ya kwaso maƙwabta. Mahauci ya zama jarumin, saboda faɗin ƙirjinsa. Tela kuwa, bawan Allah, shi aka mayar maci amanar da ya buɗe wa maƙiya ƙofa.

"Ai hancinsa kawai na ara," in ji Kawu yana dariya.

Yara suka haddace littafin tsaf. Tela ya koma ɗinki a bayan labule, don da an tashi daga makaranta sai jifa.

Kawu ya daina zana fuska tun ran da malamar tarihi ta zo shagonsa rai a ɓace. Ta ce ta tambayi aji wa ya ci amanar gari. 'Yar tela ta miƙe, kanta a sunkuye, ta ce, "Babana ne, Malama."