Sunan da Kaka Falmata Ba Ta Yarda a Tsallake Ba

A Guri na tashi, a hannun kakata Falmata, mai bandar kifi. Da an sallame magariba za ta gyara wuta a ƙarƙashin ragar tarwaɗa, hayaƙin ya kori sauro, mu kuma ya jawo mu. Ni da yayana Habu, sai Rifkatu, 'yar malamin makarantar da ya zo daga Filato yana haya a gidanmu. Har yau in na ji ƙamshin banda, muryar Kaka nake ji.

Tatsuniyar Baƙo ta fi so. Wai a dā masunta da manoma da makiyaya kowa da sarkinsa a bakin kogin nan. Wannan ya datse ruwa, wancan ya ƙone komar wannan, sarakunan kuwa a akushi ɗaya suke cin tuwo. Sai Baƙo, ɗan masunta, ya tara samari ya kori sarakunan ukun, ya ce daga yau kogi ɗaya, gari ɗaya. Ya sa kowa ya ɗauki fartanya a haƙa babbar hanyar ruwa ta cikin kacala, ciyawar nan mai toshe kogi. Wanda ya yi musu, a ɗora shi a kwalekwale ba filafili. Ruwa ya kai kowace fadama, shinkafa ta yi, ɗan makiyayi ya auri 'yar masunta. In Kaka ta zo nan, har kafaɗa take girgizawa.

Sai ta sauke murya. Wata rana gaɓa ta rufta kan ɗaya daga cikin masu haƙa, Ɗanladi, ɗa tilo na wata mai fura. Baƙo bai bari an tsaya ko jana'iza ba. Uwar ta rayu a garin, amma har ta mutu ba ta sha ruwan hanyar nan ba.

Kafin ta raba mana kifi sai ta ce, "Wa ya kawo ruwa?" Mu ce Baƙo. "Wa ke kwance ƙarƙashinsa?" Wanda bai ce Ɗanladi ba, ƙaya ce rabonsa.

Ran nan Habu ya ce, "Kaka, ai mutum ɗaya ne kawai."

Ta ce, "Angona mai ƙaton kai, a wurin uwarsa shi ne garin gaba ɗaya."

Rifkatu ta ce, "To mugu ne ke nan?"

"Mugu? 'Yar nan, da ina budurwa a zamaninsa, ni zan kai kaina. Amma ɗana ba zan ba shi ba."

Yanzu ina Haɗeja, ɗana Sani yana tuƙa keke mai ƙafa uku, shi kaɗai Allah ya bar mini. Bara ya liƙa hoton wani soja a gilashin keken, wanda ya ƙwace mulki a wata ƙasa ya haɗa kan ƙabilunta. Kullum yana nuna mini shi a waya, kuma gaskiya mutumin ya iya magana, ni ma yana burge ni. Wata rana yana cin tuwo ya ce, "Umma, irinsa muke nema, ko da za a rasa wasu. In ya kira, ni zan je."

Ludayi ya tsaya a hannuna. Na ce, "Wasun nan, faɗa mini sunan guda ɗaya." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Na zauna na ba shi labarin Baƙo tun daga farko, har tuwon ya huce.

Ban ce ya cire hoton ba. Wanda ya hana maƙwabta yanka juna ya ci a yaba masa, kuma na yaba. Sai dai na sa ya kai keken wurin mai fenti, aka rubuta Ɗanladi a ƙasan hoton. Fasinjoji kan tambaye shi ko sunan sojan ne. Sani ya ce mini tun yana amsawa da wasa, yanzu sai ya rage gudu kafin ya faɗa musu.