Rigar Sabon Kulob

A tashar Tambuwal yake zaune, ƙato mai wuyan ɗan kokawa, sanye da koriyar rigar sabon kulob ɗin ƙwallon zari-ruga da wani kamfani ya kafa a Kaduna. Ina jin da kiɗa aka raka shi ranar tafiya.

Mai fura ta gane shi. "Almu, ba albashi anka yanka maka ba? Mi ya maido ka?"

"Inna, na kada mutum, na tsaya jiran makaɗi ya kaɗa takena. Sauran 'yan wasa ko ƙwallo sunka bi. An sallame ni."

Tana dariya, shi yana kallon ƙasa. Motar Kebbe ta cika, shi ake jira. Ya tuɓe rigar, ya juya ta baibai, ya mayar, sannan ya shiga.