Halliru Ashafa da Mashin ɗin Maƙabarta

Halliru Ashafa mutumin Gusau ne, kuma injiniya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfani da ke yi wa hukumar birni kwangilar gyaran motocin shara a Birmingham. A 2011 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kwangilar ta ragu, aka sallame shi tare da mutum tara. Wata takwas yana neman aiki. Matarsa Zinatu, wadda nas ce a babban asibitin Edgbaston, ita ta riƙe gidansu na unguwar Balsall Heath. A ƙarshe ya samu aikin kula da fili a wata maƙabarta da ke bayan gari: yankan ciyawa, sharar ganye, jigilar ƙasa. Sai da ya shekara yana yi kafin ya iya faɗa wa 'yan'uwansa na gida.

Maƙabartar a kan tudu take, kuma sashen Musulmi yana can ƙarshe, tafiyar minti goma sha biyar ga mai ƙafa lafiyayya. Da can akwai 'yar motar lantarki mai ɗaukar tsofaffi daga ƙofa. Ta lalace ba a sake ta ba, hanyar ma ta farfashe. Abin hawan da ya rage shi ne wani tsohon mashin mai ƙafa huɗu, mai kujera biyu gefe da gefe, irin wanda manoman ƙasar ke zagaya tumaki da shi. Da shi Halliru ke jan kurar ƙasa.

Wata Juma'a da hantsi ya tarar da wata dattijuwa zaune a benci a tsakiyar hanya, sandarta a kan cinya. Ya gane ta: Hajiya Batulu ce, wadda aka binne mijinta a nan bara. A gida mata ba su cika zuwa maƙabarta ba, amma ita 'ya'yanta suna Landan da Kanada, ba mai zuwa yi wa mamacin addu'a idan ba ita ba.

"Hajiya, barka da hutawa. Lafiya kuwa?"

"Ƙugun nan ne, ɗan nan. Likita ya sa ni a layin tiyata, wata goma ke nan ina jira. Na zaci zan iya kaiwa."

Ya taimaka mata ta hau, ya ja a hankali. Ramin farko ta riƙe ƙarfen gefe. Na biyu ta runtse ido. Ba su kai rabi ba ta ce, "Tsaya. Don Allah mai da ni ƙofa." Ya juya da ita. Ba ta yi ƙorafi ba, har godiya ta yi masa, abin da ya fi damunsa ke nan.

Washegari ya ɗaga mashin ɗin a jak ya shiga ƙarƙashi. Shokozoba huɗun da ke shanye dukan rami duk sun zubar da mansu. Robobin bushin da ke tsakanin ƙarafa sun cinye, ƙarfe na bugun ƙarfe. Sifirin ɗin baya kuwa na ɗaukar kaya ne masu nauyi, ƙugun tsohuwa ba zai ko motsa su ba. Ya je wajen Alice, manajar maƙabartar, ya nuna mata farashin sababbi. Ta ce masa da Turanci ko fenti ba ta da kuɗin saye bana. Amma idan zai iya da kansa, ba ta hana ba, muddin mai duba lafiyar injuna ya gani ya sa hannu kafin a ɗauki kowa.

Ya shiga neman na hannu a intanet, har ya ga wani a Manchester yana sayar da kayan irin wannan mashin. Ya buga waya. Suna cikin magana da Turanci mutumin ya gane lafazinsa, sai ya ce da Hausa, "Malam, kai mutumin ina ne?"

Sunansa Dung Choji, ɗan Jos, yana da gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Ardwick. Ran Asabar Halliru ya hau bas da sassafe, da tsofaffin shokozoban a jaka. Dung ya juya su a hannu, ya danna ɗaya da ƙirjinsa.

"Kada ka sayi huɗu, Malam Halliru. Na gaba sil ɗin da ke riƙe mai ne kawai suka mutu, sa sababbi ka zuba mai. Na bayan nan sun gama aiki. Me kake ɗauka da shi?"

Halliru ya ba shi labarin Hajiya Batulu. Dung ya goge hannu da tsumma. Ya ce tasa uwar ta rasu shekara uku da suka wuce, lokacin takardunsa na zama suna hannun hukuma, bai je ba, har yau bai ga kabarinta ba. Daga nan ya shige ciki, ya fito da shokozoba biyu masu kyau, da sifirin biyu masu laushi da ya cire daga wani ƙaramin mashin. Ya karɓi kuɗin shokozoban, ya ce sifirin ɗin dama tsatsa za su yi a wurinsa.

Asabar uku aikin ya ci. Karon farko ya yi laushi da yawa: ya ɗora buhun yashi biyu a kujera, da ya shiga rami sai bayan ya dira har ƙasa da ƙara. Ya sake kwancewa, ya murɗa zoben da ke ƙara wa sifirin tauri mataki biyu. Ya canja bushin, ya cika giris, ya rage iskar tayoyi. A Asabar ta uku Zinatu ta biyo shi bayan ta tashi daga aiki, ta ture buhunan ta zauna.

"Buhu ba ya magana, Abban Murja. Ja mu gani."

Suka hau tudun suka dawo. Ta ce, "Ramin ya daina duka. Amma kujerar nan ta yi ƙasa, mai ciwon ƙugu ba zai iya tashi daga kanta ba." Bai taɓa tunanin haka ba. Ya ɗaga kujerar da katako, ita kuma ta ɗinka mata katifa da soson tsohuwar kujerar falonsu. Mai duba injuna ya zo ya sa hannu, da sharaɗin kada a wuce gudun mai tafiya a ƙasa.

Da Halliru ya aika wa Hajiya Batulu, sai da ta yi mako biyu kafin ta zo. Ta hau tana bismillah, hannunta a kan ƙarfen gefe. Shi kuma idonsa na kan ramuka. Wajen bencin da ya tsince ta ne ya lura ta saki ƙarfen ta ciro carbi. Ya tsaya daidai layin kabarin mijinta, ya kashe inji, ya koma nesa kaɗan. Ana yayyafi. Ta daɗe a tsaye.

Da ta dawo ta ce, "Injiniya, idan ba ka sauri, akwai kabarin Jamilatu maƙwabciyata a layin can na baya. Ba ta da kowa a ƙasar nan."

Ya kai ta.

Labari ya bazu a masallatai, sannan a coci-coci. Alice ta manna takarda a ƙofa da lambar wayarsa, Juma'a da Lahadi. Ya ɗauki 'yan Pakistan da 'yan Jamaika da wani tsoho ɗan Ailan mai zuwa da kujerarsa ta naɗewa. A 2015 wani kamfanin motocin bas ya kira shi aikin injiniya, ya karɓa, amma ya roƙi a bar masa Juma'a don ɗaukar masu ziyara. Hajiya Batulu an yi mata aikin ƙugun, ta koma wajen 'yarta a Landan. Har yanzu idan za ta zo Birmingham takan bugo masa tun ana saura kwana biyu, ta tambayi lafiyar Zinatu da yara, sannan ta faɗi jirgin ƙasan da za ta biyo.