Tabarmar da ke Bayan Zana

A wani ƙauye tsakanin Dungas da Yekuwa, a ƙasar Nijar, na girma. In an gama tuwon dare a lokacin ɗari, kakata Dije takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni take kira angonta marowaci, wai ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba. Na so tsohuwar nan ƙwarai, kuma har yau ƙaurin karan gero yana tuna mini da ita.

Mutum ɗaya ne bakinta ba ya kaiwa gare shi, wato babana. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da saƙo sai ta ce da ɗayanmu, "Ka ce wa wancan kaza." In maganar ta fi ƙarfin bakin yaro, sai ta sa ta cikin tatsuniya ta ɗaga murya, don ta san yana zaune a tabarmarsa bayan zanar da ta raba sashenta da nasa. In ta gama, yakan yi gyaran murya, alamar ya ji. Da haka ta taɓa hana shi sayar da jakinmu, da haka ta shirya shi da ƙanensa.

A shekarun farin nan na saba'in, gonarmu ba ta ba da abin kirki ba. Ɗan geron da aka samu an ɗaure shi an tara a gona kafin a kwaso. Shanun wasu makiyaya da yunwa ta koro daga arewa suka faɗa masa suka cinye. Mai gari ya aiko a yi haƙuri zuwa gobe, za a kira babban makiyayan a zauna. Babana bai taɓa tuwo ba a daren. Bayan magariba muka fara jin ana wasa ƙarfe a dutse daga bayan zana.

Kaka ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso. Ga ta nan tafe."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Ta ce wani manomi ne maƙwabcinsa ya cuce shi, cuta ta gaske, wadda duk gari ya shaida. Sai ya ɗauki garwashi a kasko ya nufi gidan maƙwabcin. A hanya garwashin ya ce, "Yunwa nake ji, ka ba ni abinci ko in mutu." Ya ba shi malfarsa. Can gaba ya sake kuka, ya ba shi rigarsa. Kafin su kai, wutar ta yi girman da kasko ba ya ɗaukarta. Manomin ya nuna mata ya ce, "Ga gidan can, shi kaɗai za ki ci." A nan Kaka ta juya fuskarta wajen zana, ta ɗaga murya. "Wuta ta yi dariya ta ce, ni ban san gidan kowa ba, busasshiyar ciyawa na sani. Iska ta juya. Da gari ya waye, mai gaskiya da mara gaskiya duk a toka ɗaya suke zaune, 'ya'yansu suna tambayar su ina za su kwana."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ta kasa kunne, mu ma muka yi tsit. Babu gyaran murya.

Ta ce, "Ango, leƙa ka ga ko wancan yana son ruwa."

Na leƙa. Ga tabarma, ga buta, ga dutsen washi. Na dafa tabarmar na ji ta da sanyi. Ashe ya daɗe da tashi.

Da safe aka ce an kashe makiyayi ɗaya a ruga. Kafin jandarmomi su iso daga Magariya, babana ya ƙetara zuwa Nijeriya, kuma ba mu sake sa shi a ido ba. Kaka ta ci gaba da hura wuta, amma ba ta ƙara ɗaga murya ba. In fatake sun dawo daga Kano takan tare su ta ce, "Ba ku ga wani dogo mai tabo a goshi ba?" Su ce, "Wa ye sunansa, Iya?" Sai ta sunkuyar da kai, wani daga cikinmu ya faɗa.

Yau ina koyar da sulhu da sasanta rikici a jami'a. Ina gaya wa ɗalibaina cewa mai fushi ba ya son a tsone masa ido, gara a zagaya masa da magana, a bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Na yarda da wannan, don na ga yana aiki a gidanmu shekara da shekaru. Wata rana wata ɗaliba ta tambaye ni, "To Malam, yaushe mai sulhu zai ajiye kunya ya faɗi magana ɓaro-ɓaro?" Na ce mata ban sani ba, amma kafin ta fara, ta leƙa ta tabbata wanda take yi dominsa yana nan.

Ban taɓa ganin laifin Kaka ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ban san a wane wuri cikin tatsuniyar babana ya tashi ba. Ina tsoron farkonta kaɗai ya ji, inda aka ce manomin yana da gaskiya.