Notin da Mamu Shujauddin Bai Ɗaure Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah Ya karɓi ran ƙanin mahaifiyata, Mamu Shujauddin, a wani asibiti a nan Hyderabad, bayan ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki.

Mamu, kai ne mai kula da ƙwarangwal ɗin dainoso a gidan tarihi, dabbar nan mai dogon wuya da aka haƙo ƙasusuwanta sun zama dutse. Ƙarafa da notuna ne ke riƙe da ita. Tun ina ƙarama nake tsoronta. Ranar da ka fara kai ni, na ɓuya a bayanka ina kuka. Ka ce, "Haba Ɓera, ganye take ci! Ko nama take ci, me za ta samu a jikinki?" Ka saya mini samosa, kuma ba ka taɓa tilasta mini shiga ƙarƙashinta ba.

A asibiti ka kama hannuna ka ce, "Notin wuya, na kwance ban ɗaure ba." Manya suka ce zafin ciwo ne. Ni na san ba ka wasa da aikinka.

Bayan jana'iza na kasa cin abinci. Ranar Asabar ake kawo 'yan firamare, kuma a ƙarƙashin wuyan nan suke tsayawa ɗaukar hoto. Ko rufe ido na yi, sai in ga yana saukowa a kansu.

Ka san ni, ko a aji ba na ɗaga hannu. Ranar Asabar ɗin na je gaban shugaban gidan tarihin, amma na kasa gaya masa batun notin. Sai na wuce na tsaya daidai ƙarƙashin wuyan. Mai gadi ya ce, "Ke 'yar Shuja, matsa mana, yara na shigowa!" Da ƙyar na ce, "Sai an hau an duba." Na ƙi motsi har aka kawo tsani. Wanda ya hau ya taɓa notin da yatsa biyu, ya faɗo a tafin hannunsa.

Har yanzu ina tsoronta, Mamu. Amma an ɗaure.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Mumani Rukhsana, da mahaifiyata Ammi, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.

Tahniyat Fatima